Aron Kari da Matsalar Tara Shi a Zangon Kumasi

Tara faya-fayan da wasu mawaƙa suka sake rera waƙoƙin wata ƙungiya sha'awa ce da ta kafu a Turai, har da tsakanin masoya kiɗan na'ura. Ƙungiyar Kraftwerk, wadda aka kafa a Jamus a 1970, ta isa misali. Balanescu Quartet sun ɗora wasu waƙoƙinta a kan gogen Turawa a faifan Possessed na 1992, Señor Coconut kuma ya juya su zuwa kiɗan Latin Amurka a El Baile Alemán na 2000. Mai tara irin waɗannan ba ya shan wahalar nema, domin bangon faifai na ɗauke da sunan mai waƙar asali.

A unguwannin zangon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, sake rera waƙar wani ba baƙon abu ba ne, sai dai ya biyo wata hanya dabam. Tsohuwar hanyar ita ce tahamisi, inda sha'iri ke ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu. Ishiriniyar da ake karantawa a watan Maulidi waƙar Alfazazi ce ta ƙarni na 13, haɗe da tahamisin Ibn Mahib. Haka Tabban Haƙiƙa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. A nan silsila a tsare take, kowa an san rabonsa.

Silsilar ta yanke ne da zuwan finafinan Indiya. Masani Brian Larkin ya nazarci masu bandiri a Kano, cikinsu har da ƙungiyar Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar fim su zuba masa begen Annabi. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi sawun irin wannan aro a waƙoƙin finafinan Hausa, bayan fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyo a shekarun 1990. Waɗannan waƙoƙi sun isa zangunan Gana, da fari a kaset, yanzu a katin memori da WhatsApp, kuma da wuya a ga an ambaci inda karin ya fito. Ba sakaci ne kaɗai ya jawo haka ba. A faifan karramawa na Turai, wanda ake girmamawa shi ne mai kari. A bege kuwa girmamawar ta wanda ake yabo ce, kari abin hawa ne kawai.

Saboda haka jera tarin waƙoƙi bisa sunan ƙungiyar asali ba zai yi amfani a zango ba. Abin da ya fi dacewa shi ne jerawa bisa kari: a sa kari ɗaya a gaba, a biyo da duk wanda ya hau shi, da taron da aka rera, da shekara. Masu iya gane kari kuwa ba a jami'a suke ba. Dattawan da suka cika gidajen silima a ƙuruciyarsu ne, da mata masu kallon Indiya a gida, da masu tura waƙa a waya, waɗanda da jin amshi za su faɗi sunan fim. Faifan Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2013, ya taimaka, amma zaɓi ne daga Najeriya, domin kunnen baƙi.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren. Malamai da dama sun soki ɗora bege a kan karin waƙar soyayya, don haka rubuta asalin kari na iya zama tonon silili ga sha'irin da ke raye. Mai tarawa zai iya adana wannan bayani a rumbu, ya nemi yardar sha'irin kafin ya bayyana shi.