Ɗan Kamaru a Tabarmar Kakana

Kakana ɗan koli ne, Bakano, wanda fatauci ya ajiye a Mindif, gindin dutsen nan mai kama da haƙori, kudu da Marwa. A tabarmarsa akwai allura da kwalli da kanumfari. Amma abin da ke kawo dattawa bayan magariba yana cikin wata 'yar jakar fata: gagai, da wani jan ɓawon itace da 'yan Kano ke kira ɗan Kamaru.

Sunan yakan ba ni dariya, domin a Mindif ma, da ke cikin Kamaru, baƙo ne. Itacen ba ya fitowa a ƙasarmu ta ƙaya da yashi. Daga dazuzzukan kudu ake ɓaro shi. Jamusawa sun riga mu yi masa ciniki: a 1896 wani masani, Leopold Spiegel, ya tace sinadarin yohimbin daga ɓawon a Balin, shekara shida kafin sojojinsu su ci Marwa. Da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, kakana ya daina jiran fatake su kawo masa ɓawon.

Mai saye ba ya kiran raunin mazakutarsa da sunansa. Zai tsuguna ya ce, "Malam, basir ya hana ni sakat," ko kuwa sanyi ne ya kama shi. Kakana ya ƙulla masa gari, a sha da kunu ko a barbaɗa a yajin tsire. Ciwon suga kuwa ba ya cikin hirar, alhali shi ke lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da miƙewar gaba ta dogara da su. Hawan jini ma haka. Ƙiba da ciwon ƙoda su kuma suna rage testosteron, sinadarin da maraina ke samarwa, sai sha'awar kanta ta dusashe. Ga inda gizo ke saƙa: yohimbin yana iya ƙara hawan jini. Wani dattijon da kuɗinsa ya riƙa sayen ƙarin ciwonsa.

A 1998 Amurka ta amince da Viagra, maganin raunin mazakuta, daga baya kwaikwayonta suka cika teburan 'yan magani. Baffana, wanda ya gaji tabarmar, ya yi shekara uku yana jiƙa ɓawonsa yana sha a ɓoye, kafin ƙishirwa da fitsarin dare su kai shi awon jini a Marwa. Suga ne. Jakar tana nan rataye a zaurensa, takardun asibiti yake ajiyewa a ciki.