Murjani: Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Akwatin Lefe

Murjani ƙwarangwal ne na wata ƙaramar dabbar teku, ko da yake Bahaushe ya daɗe yana lissafa shi cikin duwatsun ado. Kalmar ta Larabci ce, ta zo sau biyu a Suratur Rahman, kuma daga gare ta aka samo sunan Murjanatu, wanda ake taƙaitawa Murja. A unguwa irin Dawaki da ke cikin garin Gombe, ɗaruruwan kilomitoci daga bakin teku, sunan ya fi abin kansa yawa.

Jan murjanin da kakanni suka sani daga Bahar Rum yake fitowa. Yana tsirowa kamar ƙaramin itace mai rassa a jikin duwatsu da kogunan ƙarƙashin ruwa, inda haske bai cika kaiwa ba, kuma kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Wannan jinkirin girma shi ne tushen tsadarsa. Tun ƙarni na 10 marubutan Larabawa ke ambaton Marsal Kharaz, tashar da ake kira El Kala a Aljeriya ta yau, a matsayin matattarar masu haƙo shi. Daga baya Turawa suka karɓe cinikin: iyalan Lomellini na birnin Jenowa sun riƙe tsibirin Tabarka na Tunisiya kusan shekara 200 saboda murjani, har zuwa 1741. Sassaƙa shi da fasa masa huji kuwa ya koma Italiya, musamman garin Torre del Greco, inda aka buɗe masana'antar farko a 1805.

Daga Turabulus ayarin raƙuma ke ɗauko shi, ko ta Gadamus da Agadas zuwa Kano, ko ta Murzuk da Bilma zuwa Barno. Kaya ne da ya dace da hamada: ba nauyi, ba ya ruɓewa, ƙaramar jaka ta isa jari. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya lissafa shi cikin abin da ya gani a kasuwa, tare da duwatsun gilashi. Daga nan fatake da 'yan koli suke rarraba shi ƙauye da birni, ya shiga wuyan matan sarakai da na attajirai, ya zama dukiyar mace wadda take iya sayarwa ranar da gari ya yi zafi. A kudu, ta teku ya shigo: Turawan Fotugal sun isa masarautar Benin wajen 1485, kuma har gobe murjani ne kayan sarautar Oba, sarkinta.

Gombe ta yanzu ba ta ga wannan zamani ba. Masarautar da Buba Yero ya kafa a 1804 tana Gombe Abba ne, aka mayar da ita Nafada a 1913, sannan mazauninta na yau a 1919. Kafin nan jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano a 1911, hanyar hamada ta mutu. Abin da ya biyo baya shi ne cika kasuwa da kwaikwayo: na gilashi daga Benis da Bohemiya, sai na roba, sai wani farin murjani mai arha da ake rinawa ja. Masu sayen kayan lefe suna da hanyar ganewa. Na gaske ya fi roba nauyi da sanyi a hannu, allura mai zafi ba ta narka shi, kuma da yake sinadarinsa ɗaya ne da na farar ƙasa, ɗigon ruwan lemon tsami kan sa shi ɗan kumfa. Dalilin ke nan da gumi da turare ke dusashe shi.

Turawa ma sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro, har sai da likitan Faransa Peyssonnel ya nuna a shekarun 1720 cewa abin da ake zaton furanni ne ƙananan dabbobi ne masu motsi. Kowacce hannuwa takwas gare ta, kuma wannan ne ya haɗa jan murjani dangi da murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙwarangwal mai tauri, ba ya kuma shiga sarƙa. Ana kiwon mai laushin da rai a tankin gilashi. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi na farko a 1853, amma sai a shekarun 1970 masu sha'awa a Jamus suka fara iya raya murjani a gida na tsawon lokaci.

Irin da ake kiwo daga tekuna masu ɗumi yake, kamar Bahar Maliya da na Indonesiya. A cikin naman yawancinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ciyar da shi da taimakon haske. Yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Alamun ciwonsa su ne rufe hannuwa, yanƙwanewa, koɗewar launi, daga ƙarshe ruɓewa daga gindi. Ba kowace rufewa ce ciwo ba: wani irin da ke kama da jemammiyar fata yakan rufe kwanaki, ya saɓule wata yana daga jikinsa, ya sake buɗewa. Idan abin ya wuce haka, ana fara duba zafi, domin ruwa na haura digiri 30 murjanin yake korar gansakukar ya yi fari. Sai gishiri, wanda ke ƙaruwa yayin da ruwa ke ƙafewa, don haka da ruwa mai tsabta marar gishiri ake cike gurbin. Sai gudun ruwa, da sauyin haske farat ɗaya, da gubar da murjani ke fesa wa maƙwabcinsa, wadda gawayin tace ruwa ke rage ta. Jan ƙarfe kuwa, ko kaɗan ne, kashe shi yake yi.

A Gombe, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, ga ɗaukewar wuta, famfo da na'urar sanyaya ruwa su ne ran tankin. Tsayawar famfo na 'yan awoyi ta isa ta ƙarar da iskar da ke cikin ruwa, saboda haka wanda zai yi wannan kiwo yakan fara da sayen batir da faifan sola kafin ya sayi murjanin.