Oklahoma 1995: Yadda Ginshiƙai Uku Suka Kayar da Rabin Bene

Yau zan kai ku birnin Oklahoma na Amurka, ranar 19 ga Afrilu, 1995. Da ƙarfe 9:02 na safe, bom da aka ɗora a babbar mota ya tashi a gaban ginin gwamnati na Murrah, bene mai hawa tara na kankare da rodi. Mutum 168 suka rasu, 19 daga cikinsu yara ne.

Da na fara karanta labarin nan, na ɗauka bom ɗin ne ya rushe komai kai tsaye. Ashe ba haka ba ne. Ginshiƙai uku na gaban ginin ne suka karye. Su ne ke ɗauke da wani ƙaton bim a hawa na uku, shi kuma bim ɗin ke ɗauke da ginshiƙan sama. Da ya rasa madogara sai ya faɗi, hawa ya rufta kan hawa, kusan rabin ginin ya zube cikin daƙiƙoƙi.

To me ya sa? Kankare na jure danniya sosai, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi. Injiniya yakan lissafa nauyin da ke danno dekin daga sama. Iskar fashewa kuwa, ko ƙiftawar ido ba ta kai ba, ta bugi ginshiƙi daga gefe, ta tura dekin sama, inda ba a shirya masa ba.

Masu binciken da suka duba ginin sun gano an gina shi daidai da dokar zamaninsa, babu ha'inci. Sai dai sun nuna cewa da an ɗaure rodunan yadda ake yi a yankunan girgizar ƙasa, zobba kusa da kusa, rodi ya zarce ba yankewa, da ɓarnar ta ragu ƙwarai. Daga nan Amurka ta tsaurara ƙa'idar gine-ginen gwamnati: a nisanta mota daga gini, kuma idan ginshiƙi ɗaya ya tafi, nauyi ya samu wata hanyar bi.

Ku duba fa, wannan ginin da aka bi doka kenan. Ina ga wanda aka rage wa rodi da siminti don a ci riba? Duk ginin makaranta ko asibiti da ake yi a unguwarku, ku tambaya: wane injiniya ne ya duba rodin kafin a zuba kankare?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.