Tafki Ne Ko Kududdufi? Tarihin Ruwan Da Muke Zuwa Kallo A Jos



Duk wanda ya tashi a Danja ya san kududdufi. Rami ne da aka ɗebi ƙasa aka yi gini, damina ta zo ta cika shi. Ba mai sa sabon kaya ya je bakinsa ɗaukar hoto. Amma ga shi ni da abokan karatuna mun taɓa yin karo-karo muka ɗauki shatar mota, muka bi ta Hunƙuyi zuwa Zariya, muka wuce Pambeguwa da Saminaka, muka haura tsaunin Jos, duk don mu ga wani ruwa da ke Rayfield. Wuri ne da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku. Ga iska mai sanyi, ga ruwa kwance luf, ga kwale-kwale ana zagayawa da mutane. Muka ci, muka sha, muka cika wayoyinmu da hotuna. Muna haramar tafiya wani dattijo da ke zaune a gefe ya ce mana, "Samari, wannan fa ba tafkin Allah ba ne, ramin kuza ne." Ashe kududdufi muka biya kuɗin mota muka zo kallo. Tun daga ranar nake bin diddigin waɗanda suka haƙa irin waɗannan ramuka.

Tun kafin zuwan Turawa mutanenmu sun san kuza. A Riruwai ta ƙasar Kano da Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi akwai masu wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja, ya aiko masu bincike su gano tushensu. Tsakanin 1902 da 1904 suka iso yankin, wani Bature mai suna Laws ya kafa sansani a Naraguta. Ba da lalama aka shiga ba. Sojoji ne suka buɗe hanya, aka murƙushe ƙauyukan da suka ƙi, filayen noman Birom da maƙwabtansu suka koma hannun kamfanoni. Masu narka kuza na gargajiya kuwa sana'arsu ta mutu.

Kafin a ce haka, tsaunin ya cika da kamfanoni. A 1914 ƙaramin layin dogo da ya tashi daga Zariya ya isa Bukuru don kwasar kuza. Turawa suka ga sanyin wurin ya yi kama da na gida, suka mayar da shi wurin hutu. Filin wasan golf na Rayfield tun 1913 yake. Ke nan shaƙatawa da haƙa tare suka taso a wurin, sai dai masu shaƙatawar daban, masu haƙar daban. Masu haƙar su ne 'yan ci-rani daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da Barno, waɗanda kan tafi bayan girbi neman kuɗin haraji. Kayan aikinsu diga da shebur da kwano a ka.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ta fi kowace samar da kuza a daular Ingila, Singafo kuma ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu. Ingila na buƙatar kuza don yin gwangwanin abincin soja da lanƙaya kayan yaƙi, sai ido ya dawo kan Jos. A zamanin Gwamna Bourdillon aka kafa dokar ɗibar mutane aikin tilas, duk da cewa Ingila ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta yi hani da irin wannan aiki. Aka fake da cewa lokacin yaƙi ne. Talakawa suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna.

Yadda ake yi shi ne, a yanka wa kowane lardi adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya dubi masu unguwa. Kun san wanda irin wannan rabo kan faɗa wa: marar galihu, marar abin ba da toshiya. Lardin Katsina na cikin waɗanda aka ɗiba, kuma mu nan kudu jirgin ƙasa na kusa da mu, domin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Funtuwa ya bi. Mutum kan yi kimanin wata huɗu kafin a sallame shi. In rabonsa ya faɗo da damina, gonarsa sai abin da mata da yara suka iya. Ba mutane kaɗai aka ɗiba ba, har hatsi aka riƙa tarawa daga ƙauyuka don ciyar da ma'aikatan, abinci ya yi tsada a gida.

A can kuwa, wannan sanyin da muka je sha don nishaɗi shi ne ajalin da yawa daga cikinsu. Mutumin da ya saba da zafin ƙasar Hausa, ga shi tsamo-tsamo cikin laka tun safe, ba bargon kirki, ba isasshen abinci, ɗaki cunkushe. Ciwon huhu da atuni da sanƙarau suka yi ta ɗauka. Aikin madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka gina don ƙara wa ma'adinan wutar lantarki, ya yi ƙaurin suna wajen mace-mace. Dubbai suka gudu. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Da surutu ya yi yawa, har a majalisar dokokin Ingila, aka soke dokar a 1944. Masana tarihi, irin su Bill Freund da ya rubuta littafi sukutum a kan ma'aikatan kuza, sun nuna cewa waɗanda aka ɗiba cikin shekarun nan sun kai kimanin mutum 100,000.

Bayan yaƙi aka ci gaba da haƙa, manyan kamfanoni irin su ATMN suna aiki da injuna masu kwasar ƙasa. Saboda haka ba kowane rami ne hannun mutum ya haƙa ba, kuma ba kowanne ne na zamanin tilas ba. Amma duk sana'a ɗaya ce ta haife su. Kuzar sama-sama ta yi ta ƙarewa, kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka watse suka bar ramuka birjik ba a cike ba. Ruwan sama ya cika su. Yau wasu ana noman rani da su, dankali da tumatir da kabeji, kamar yadda muke yi a fadamunmu. Wasu sun zama wurin shaƙatawa. Wasu kuma suna cin rayuka, domin bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansu laka ce. Wanda duk zai je, don Allah kada ya ce zai gwada iyo.

Ban ce kada a je ba. Wurin yana da kyau, kuma zan sake komawa in Allah Ya yarda. Abin da ya dame ni shi ne, a labaranmu muna yawan kai jarumi da jaruma Jos shan iska, mu siffanta ruwa da duwatsu, mu wuce. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ma ba ya taruwa a kan tsauni banza. Wanda aka ɗiba yana ɗan shekara 18 a 1943, a 1925 aka haife shi, ku yi lissafi da kanku. Kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan a Danja, Bakori, Ƙafur, Funtuwa da Malumfashi, kuma sun ji daga bakin iyayensu. Wannan makon, kowa ya sami dattijon gidansu ya tambaye shi ko a zuriyarsu akwai wanda ya je kuza, wa ya rubuta sunansa, da me ya dawo, ko kuwa bai dawo ba. A naɗa a waya, a rubuta yadda aka faɗa, ban da ƙarin gishiri.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai na ga abin da kuka samo.