Mdou Moctar da faifan Niger EP

Niger EP gajeren faifai ne mai kashi biyu, wanda ƙungiyar makaɗin jita Mdou Moctar ta Jamhuriyar Nijar ta fitar a shekarar 2022 ta hannun kamfanin Matador na birnin New York.

Faifan ya haɗa kiɗan gargajiya na Abzinawa da kiɗan rock na Turawa, kuma an ɗauki waƙoƙinsa ne a Nijar, a wuraren bukukuwan aure da gidajen jama'a, inda makaɗan suka saba wasa.

Asalin mawaƙin

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan asalin jihar Tawa ne, kuma da harshen Tamashek yake yawancin waƙoƙinsa.

Iyayensa ba su amince da kiɗa ba saboda dalilai na addini, don haka da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke.

A birnin Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008, inda ya ari salon sarrafa murya da kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa.

Ba a kai faifan kasuwa ba a lokacin, amma waƙoƙin sun bazu a yankin Sahel daga wayar salula zuwa wata.

Ta haka ne Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji su, ya nemo mai su, ya kuma gabatar da shi ga duniya.

Saƙon waƙoƙin

Bayan faifan Afrique Victime na 2021 ya yi fice a Turai da Amurka, Niger EP ya nuna wa masu sauraro tushen kiɗan, wato taron biki inda ake kiɗa ana tafi.

Baya ga soyayya, Mdou Moctar na waƙa kan illar mulkin mallakar Faransa, da yadda ake kwasar ma'adinin yuraniyom alhali talakawan Nijar na fama da rashin lantarki, da kuma barazanar ɓacewar harshen Tamashek.

Juyin mulkin watan Yulin 2023 ya rutsa da 'yan ƙungiyar suna rangadi a Amurka, abin da ya hana su komawa gida na wani lokaci.

A 2024 suka fitar da faifan Funeral for Justice.