Yadda Fillanci Ya Ja Baya A Ƙasar Kazaure

Masarautar Kazaure Filani suka kafa ta, amma a yau in baƙo ya shiga fadar, Hausa zai ji ana yi daga safe har dare. Abin nan yana da asali.

A zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, akwai wani shugaban Filanin Yarimawa a arewacin Kano, sunansa Ɗantunku. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta yaƙi har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba su a 1824, ya bar wa Ɗantunku ƙasarsa. Ɗansa Dambo ya zauna a Kazaure.

To, Filanin da suka ci sarauta ba su da yawa, talakawansu kuwa Hausawa ne. Shari'a da Hausa, ciniki da Hausa. Sa'an nan suka auri matan Hausawa, yaro kuwa bakin uwarsa yake fara ji. Jika ya tashi yana jin Fillanci amma ba ya iya mayarwa, tattaɓa kunne ko ji ba ya yi. Da Turawa suka zo a 1903 sai suka ƙara wa Hausa ƙarfi, suka sa ta a makaranta da ofis.

Amma harshe ba ya fita gida bai bar sawu ba. Duk mai kiran ƙanen ubansa Baffa, ko ƙanwar ubansa Goggo, ko ɗan'uwan uwarsa Kawu, Fillanci yake yi bai sani ba. Haka sunaye irin su Dikko da Sambo da Yero, watau ɗan fari da na biyu da na uku. A rugagen Roni da Gwiwa kuwa har yanzu akwai masu yinsa, ko da yake 'ya'yansu da suka shiga gari sukan bar shi.

Fillanci dai yana da inda zai fake, don ana yinsa daga Senegal har Adamawa. Wasu harsuna ba su sami wannan sa'a ba. A kan iyakar Oman da Yaman akwai wani harshe, Hobyot, wanda masu yinsa 'yan kaɗan ne, matasansu kuma sun koma Larabci. A nan Jigawa ma, harshen Auyokawa na wajen Haɗejiya ya riga ya mutu, jikokin masu shi Hausa kaɗai suke ji.