3.2 Kaburburan Duwatsu na Senegal da Gambiya

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan wasu tsofaffin kaburbura da ke arewa da kogin Gambiya, da dalilin da ya sa aka ba su kariya. A wannan yanki, mai tsawon kimanin kilomita 350, akwai irin waɗannan wurare fiye da 1,000. Masana sun nuna cewa an yi ta kafa su ne tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarni na 16.

Mutanen wancan zamani sukan sassaƙa marmara da kayan ƙarfe, su fitar da ginshiƙai masu tsawon kimanin mita biyu, wasu nauyinsu ya kai tan bakwai. Daga nan sai a kakkafa su a zagaye kabari, a kuma jera wasu ta gabas da shi. Haƙar da aka yi ta fito da ƙasusuwan mutane da tukwane da masun ƙarfe da kayan ado na tagulla. Wannan ya nuna cewa al'ummar tana da maƙera da shugabanci mai tsari, domin aiki irin wannan ya fi ƙarfin mutanen gida ɗaya.

A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta sanya wurare huɗu cikin jerin kayan tarihi na duniya. Su ne Sine Ngayene mai zagaye 52 da Wanar mai 21 a Senegal, sai Wassu mai 11 da Kerbatch mai 9 a Gambiya.

Dalilin kariyar a fili yake. Waɗanda suka kafa duwatsun ba su bar rubutu ba, don haka kabarin shi ne littafinsu. Idan manomi ya ture dutse don ya faɗaɗa gona, an rasa shaidar da ba ta da madadi, domin masani yana karanta tarihi ne daga yadda ya tarar da kowane abu a mazauninsa.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa, inda ake da tudun kaburbura na Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a ƙasar Katsina, waɗanda Palmer ya fara haƙawa a 1907. Su ma tsaron da mazauna wurin za su ba su ya fi kowane shinge.